Downton Abbey: na fi son mutanen ƙasan bene

Downton Abbey fim ne mai dogon zango da tashar ITV ta Birtaniya ta nuna daga 2010 zuwa 2015, zango shida, kashi 52. Na kammala shi kwanan nan, kuma ban yi kukan datar da ya ci mini ba. Sai dai tun kafin in yi nisa na lura mai rubutun, Julian Fellowes, yana da ɓangare, kuma ɓangaren masu gida yake.

Labarin ya fara ne a watan Afrilun 1912, da safiyar da saƙo ya iso cewa jirgin ruwan Titanic ya nutse. Cikin waɗanda ruwa ya ci har da mutum biyu da ke kan layin gadon Robert Crawley, mai sarautar Grantham a yankin Yorkshire. Robert 'ya'ya uku gare shi, Mary da Edith da Sybil, duk mata. A tsarin da aka ɗaure gidan da shi, sarauta da gida da gonaki namiji kaɗai ke gadonsu. Abin da ya fi ciwo shi ne dukiyar da matarsa Cora ta zo da ita daga Amurka, wadda ita ce ta ceto gidan daga karyewa, ita ma an cuɗa ta cikin wannan ɗauri tun lokacin mahaifinsa. Saboda haka komai zai koma hannun wani dangi na nesa mai suna Matthew, lauya a Manchester, wanda ba su ma san shi ba.

A nan na fara gardama da allo. Batun sarauta ta bi namiji ba baƙon abu ba ne a wurinmu. Amma dukiya fa? A rabon gado na Musulunci 'ya'ya mata biyu ko fiye, in babu namiji, kashi biyu bisa uku suke ɗauka, mata ta ɗauki tumuni, uwa ta ɗauki sudusi, ɗan abin da ya rage ya tafi ga 'yar'uwar Robert, Rosamund. Matthew ko tsinke ba zai samu ba. Ga shi a can ƙasar da ake kawo mana a matsayin gwanar 'yancin mata, shekara ɗari da 'yan kai da suka wuce babbar 'ya tana kallon gidan ubanta zai zama na baƙo, kuma dabarar da manya suka fi gani ita ce a aura mata baƙon. Zango biyu cur ana jan wannan soyayya ta Mary da Matthew, yau faɗa gobe shiri, kuma na yarda sun iya janta.

Amma ni abin da ya riƙe ni yana ƙasan bene, inda barori suke. A kashi na farko kyamara tana bin su tun kafin gari ya waye. Daisy, yarinyar kicin, tana zagaya ɗakuna tana hura wuta, kuma dole ta ɓace kafin wani daga cikin iyalin ya sauko ya gan ta. Wani saurayi yana goge jaridar safe da dutsen guga don tawada ta bushe, kada ta ɓata hannun maigida. A bango akwai jerin ƙananan ƙararrawa, kowace da sunan ɗaki a ƙarƙashinta, tana kaɗawa mutum zai ajiye shayinsa ya haura. Kuma su ma barorin akwai manya da ƙanana. Carson, shugabansu, in ya shigo ɗakin cin abinci kowa miƙewa yake. Wannan dattijo ya fi mai kora shafawa: Robert kansa yakan sassauta, Carson bai san sassauci ba, kamar tsohon bafaden da ya fi sarki kishin fada. Ranar da aka kawo wayar tarho gidan, ya keɓe shi kaɗai yana gwada yadda zai amsa kira da murya mai nauyi, sai ma'aikaciyar haɗa layi ta amsa masa, ya tsorata. Jim Carter, wanda ya fito a Carson, ya yi wasan nan yadda za ka yi dariya kuma ka ji tausayinsa lokaci guda.

Akwai wani ɗan wuri a kashi na biyu da ya nuna mini inda marubucin ya dosa. An ba Matthew hadimi mai suna Molesley don ya riƙa sa masa kaya. Matthew ya saba yi wa kansa komai, sai ya ce wannan aikin wauta ne ga babban mutum. Molesley ya tsaya da hannu a sake, fuskarsa ta faɗi. Daga baya Robert ya ja Matthew gefe ya nuna masa cewa kowa da rawar da yake takawa, hana mutum tasa zalunci ne. A ƙarshe Matthew ya bar Molesley ya zaɓar masa maɓallan hannun riga, Molesley ya cika da murna. An tsara wurin da kyau ƙwarai, har sai da na ji sanyi a raina. Da na zauna na yi tunani sai na ga abin da aka shayar da ni: wai taimakon da mai kuɗi ke yi wa talaka shi ne ya bar shi ya ɗaura masa maɓalli.

Haka abin yake tafiya har ƙarshe. Idon kuku Misis Patmore ya fara mutuwa har ta barbaɗa gishiri a kan kayan zaƙi a maimakon sukari, ga baƙo a tebur. Maimakon kora, Robert ya tura ta Landan aka yi mata aiki da kuɗinsa. Bates, hadimin Robert, gurgu ne, an sallame shi, Robert ya bi motar ya dawo da shi. Duk wanda kuma ya buɗe baki ya soki tsarin, sai a rubuta shi mara kunya. Malamar makaranta Sarah Bunting gaskiya take faɗa a kan bambancin masu shi da marasa shi, amma an sa ta faɗa a teburin mutane cikin rashin ladabi har mai kallo ya ƙosa ta tafi. Tom Branson, direban nan ɗan Ailan mai ra'ayin gurguzu da ya auri Sybil, a hankali aka lallashe shi har ya zama mai kula da gonakin gidan. Fellowes kansa ɗan Majalisar Dattawan Birtaniya ne tun 2011, ɗan jam'iyyar masu ra'ayin riƙau, don haka ban yi mamaki ba. A ƙidayar 1911 masu aikatau a gidaje a Ingila da Wales sun haura miliyan ɗaya, mafi yawansu mata ne, kuma da yawa a ƙananan gidaje suke, yarinya ɗaya tana yin komai. Ba duka ne suka dace da ubangida irin Robert ba.

Inda ya faɗi gaskiya ba sakaya shi ne labarin Ethel, ɗaya daga cikin 'yan aikin gidan. Wani hafsan soja da ke jinya a gidan lokacin Yaƙin Duniya na Ɗaya ya yi mata ciki, aka kore ta, shi kuwa ya yi kamar bai san ta ba. Ta shiga karuwanci don ta ciyar da yaron, daga ƙarshe ta miƙa shi ga kakanninsa. Sai kuma Gwen, ita ma 'yar aiki, wadda ta sayi keken rubutu ta ɓoye a saman kabad tana koyo a asirce har ta samu aikin sakatariya a kamfanin tarho. A zango na shida ta dawo gidan a matsayin baƙuwa, ta shigo ta ƙofar gaba, Mary ba ta ma gane ta ba.

Mutuwar Sybil a zango na uku ita ce wurin da ya fi taɓa ni. Likitan ƙauye, Clarkson, ya ga ƙafafunta sun kumbura, tana ciwon kai, maganarta ta fara rikicewa, ya ce alamun jijjigar haihuwa ne, a kai ta asibiti a yi aiki. Babban likitan da aka ɗauko daga Landan ya ce babu komai. Robert ya bi mai babban suna. Ta haihu lafiya, kowa ya kwanta, cikin dare jijjiga ta kama ta, ta cika a gaban uwarta da mijinta, likitoci biyu suna tsaye. A 1920 aka saka labarin, amma wannan ciwo har yau yana ɗaukar mata a garuruwanmu, kuma har yau akan samu maigidan da zai ce a ɗan jira.

Aibunsa kuwa ba ɓoyayye ba ne. Matthew ya dawo daga yaƙi ƙafafu sun mutu, likita ya yanke ƙauna, rana ɗaya ya miƙe. Robert ya zuba dukiyar matarsa a kamfanin jirgin ƙasa na Kanada ta narke, sai ga gado ya faɗo wa Matthew daidai lokacin. Bates ya shiga kurkuku kan zargin kisa, ya fito, sai kuma aka kama matarsa Anna kan wani kisan daban, kai ka ce marubucin ba shi da wata dabara. Dan Stevens, wanda ya fito a Matthew, ya so barin fim ɗin, aka kashe Matthew a haɗarin mota a kashin da aka nuna ranar Kirsimetin 2012, 'yan kallo a Birtaniya suka yi ta tsinuwa wai an ɓata musu biki. Na san masu cewa daga nan suka ajiye shi. Ni na ci gaba, galibi saboda Maggie Smith, tsohuwar da ta fito a uwar Robert. Ba ta ɗaga murya, kallo ɗaya da gajeriyar magana ta gama da mutum, kuma cacar bakinta da Isobel, uwar Matthew, ta fi soyayyoyin zangon ƙarshe daɗi. Lambar Emmy uku ta ci da wannan rawa. Ta rasu a watan Satumban 2024.

Wani shiru kuma da ɗan Najeriya zai ji: labarin ya ratsa daga 1912 zuwa ƙarshen 1925, lokacin da daular Birtaniya ke ganiyarta, a ciki ne Lugga ya haɗe Arewa da Kudu a 1914. A fim ɗin kuwa mulkin mallaka bai wuce a ce Robert ya yi yaƙin Afirka ta Kudu, ko an tura wani dangi aiki Indiya ba.

Ga mai niyyar kallo, ya kunna rubutun ƙasan allo, don Turancin barorin na Yorkshire ne, yana haɗiye haruffa. Ba kuma fim ɗin zama da yara ba ne duk da rigunan mutunci da ake sawa: a kashi na farko akwai sumba tsakanin maza biyu, a na uku wani jami'in jakadancin Turkiyya ya mutu a gadon Mary, a zango na huɗu an yi wa Anna fyaɗe, wurin da ya jawo ƙorafi har a can Birtaniya. Ainihin ginin sunansa Highclere, a Hampshire yake ba Yorkshire ba, kicin ɗin kuma a situdiyon Ealing da ke Landan aka gina shi. An yi fina-finan silima uku bayan haka, a 2019 da 2022 da 2025. Na farkon, wanda Sarki George na Biyar ya kawo ziyara gidan, kwalliya ce zalla, kuma a cikinsa babban burin barorin shi ne a bar su su yi wa sarki hidima da hannunsu. Wanda datarsa ke da iyaka, zango uku na farko sun ishe shi.