Shekara biyu a kan bencin gidan kallon damben keji a Mabera

Wani abokina mai gyaran waya ne ya fara ja na gidan kallon nan na Mabera, ranar Asabar 21 ga Oktoba 2023. Ba zan faɗi sunan gidan ba, don akwai abin yabo akwai na kushe, kuma mai gidan mutum ne mai kunya. Rumfar kwano ce mai dogayen benci, da majigi ɗaya a gaba, da ƙaramar talabijin a kusurwa, sai fanka biyu waɗanda in zafin Sakkwato ya kankama hucin wuta kawai suke kaɗo maka. Ƙwallo ce sana'ar gidan. Damben keji, wato wanda kamfanin UFC na Amurka ke shiryawa, ɗan rakiya ne, kuma tun daren farko na gane hakan.

A daren ana wasa a Abu Dabi: Kamaru Usman da Khamzat Chimaev, sannan Islam Makhachev da Volkanovski. Chelsea da Arsenal suka tashi 2-2, muka gyara zama, mun ɗauka majigi ya zama namu. Sai yaron gidan ya ce Manchester United za ta shiga fili ƙarfe takwas. Aka tattara mu, wajen mutum ashirin, gaban ƙaramar talabijin ba murya, kowa na leƙe ta kafaɗar na gabansa. A haka muka ga Kamaru, wanda bai fi kwana goma da karɓar faɗan ba, ya sha wuya a turmin farko, ya farfaɗo a na uku, alƙalai suka ba Chimaev. A haka kuma muka ga Makhachev ya ɗora wa Volkanovski ƙafa a ka tun turmin farko. Muka yi ihu, 'yan ƙwallo suka waiwayo suna tambaya wa ya ci.

Wasan Amurka ba shi da wannan matsalar, tasa daban ce. A waɗannan shekaru biyun, manyan faɗace-faɗacen sun riƙa farawa ƙarfe uku na dare agogonmu, in lokacin sanyi ne ƙarfe huɗu, babban faɗan kuwa sai ya kai goshin asuba. A lokacin majigi naka ne, murya taka ce, sauro ma naka ne. Kabu-kabu ba ya samuwa a wannan tsakar dare, don haka mu da ke zuwa daga Gawon Nama tun bayan isha'i muke tahowa, mu sha shayi a bakin ƙofa, wasu su ɗan kishingiɗa a tabarmar mai shayi. Abu ɗaya da na yaba wa mai gidan: da ladan ya kira salla zai rage murya da kansa, ko da kuwa ana tsakiyar turmi ne, kuma ya ajiye butoci da ruwa a bayan rumfa.

Daren da ya fi ɓata mini rai shi ne na Adesanya da Dricus du Plessis, watan Agusta 2024, wanda aka yi a Perth ta Ostireliya. An yi makonni ana cacar baki kan wane ne ɗan Afirka na gaskiya, mai zama a Afirka ta Kudu ko haifaffen Legas da ke zaune a New Zealand. Rumfa ta cika. Turmi na uku Adesanya ya fara sakin hannu yana dukan ciki, muna tsaye kan benci, sai inji ya yi tari biyu ya mutu. Mai ya ƙare. Yaro ya ruga da jarka, aka zuba, aka ja igiya, aka jira dikoda ta gama tashi. Da hoto ya dawo, Adesanya na tsaye kansa a sunkuye, ana ɗaura wa du Plessis ɗamara. A wayar wani muka ga shaƙar da aka yi masa a turmi na huɗu. Mai gidan bai yi gardama ba, ya ce wasa na gaba kyauta ne ga duk wanda ke wurin, kuma ya cika alkawari. Daga baya ya haɗa batir da sola, tun daga nan hoto bai sake ɗaukewa ina wurin ba.

To amma in gaskiya zan faɗa, ba hoton nake biya ba. Waya ma tana nuna faɗa. Abin da ke mayar da ni shi ne musun da ake yi tsakanin faɗa da faɗa, don minti goma sha biyar ake dambe, a yi kusan rabin awa ana talla da maimaici. Akwai wani dattijo, tsohon ɗan kokawa, da muke ce wa Baba, ba ya jin Turanci ko kaɗan amma yana karanta ƙafar mutum. Daren da Chimaev ya danne du Plessis turmi biyar a Chicago, Agusta 2025, samari suna ta tsaki wai an cuce su, ba dambe suka gani ba. Baba ya juyo ya ce, "Ku yara mi kuka sani? Wanga da kuke gani kwance ba hutawa yakai ba, numfashi yaka nema." Alƙalai uku duk suka ba Chimaev da maki 50-44. Baban ne kuma ya daɗe yana rantsuwa Kamaru Usman ɗan ƙasar Kamaru ne, sai da aka nuna masa cewa Auchi ta jihar Edo aka haife shi, ɗan Kamarun shi ne Francis Ngannou.

Ngannou ne ma ya jawo musun kuɗi, wanda har yau bai mutu ba. Mutumin da ya taso yana haƙar yashi a Batie ya ajiye ɗamarar masu nauyi a farkon 2023 ya fita daga UFC, ya koma PFL, wani kamfanin damben keji, ya je Riyad ya kai Tyson Fury ƙasa a turmi na uku na damben safar hannu. Rabin benci na cewa tsoron Jon Jones, wani gwarzon UFC, ya kore shi, rabi na cewa ya san darajar kansa ne. Ni ina cikin na biyun. Sabon shiga UFC yakan fara da dala 10,000 ko 12,000 kuɗin fitowa faɗa, in ya ci a ƙara masa irinsu. Da na faɗi haka wani ɗan kabu-kabu ya buga lissafi a waya, a canjin naira 1,500, ya ga miliyan 18, ya ce, "Yallaɓai, ni a ba ni rabi, a fasa mini hanci sau biyu." Aka yi dariya. Sai dai a cikin kuɗin nan za a cire haraji, a sallami koci da manaja, a biya wurin horo, kuma mutum bai fi faɗa biyu ko uku yake samu a shekara ba. In ya ji ciwo kafin ranar, babu komai. Ba ma'aikaci ba ne, ɗan kwangila ne, ko wandon da zai shiga keji da shi ba shi da ikon manna tallan wani a jiki. Kamfanin UFC da aka saya dala miliyan 2 a 2001 an sayar da shi wajen biliyan 4 a 2016, kuma takardun ƙarar da tsofaffin 'yan damben suka kai a Amurka sun nuna kasonsu bai wuce kashi 20 cikin ɗari na kuɗin shiga ba. An sasanta ƙarar a kan dala miliyan 375. Baba ya saurara ya ce a gidan dambe ko ba komai in ka yi kisa ana yi maka liƙi a gaban kowa, ka ga kuɗinka da idonka.

Ba za ka taɓa jin wannan zancen daga bakin masu sharhin da ke cikin talabijin ba, tunda kamfanin ne ke ɗaukarsu aiki. Su dai kowane faɗa na tarihi ne, kowane yaro gwarzo ne. Wannan ba laifin mai gidan ba ne, amma da zai samu wani mai baki ya riƙa fassara da Hausa ta lasifika, yadda ake yi wa ƙwallo a rediyo, da rumfar ta fi haka cika.

Wanda zai je, ya tambaya tun da rana ko wasan na majigi ne ko na ƙaramar talabijin, musamman in na Abu Dabi ne ya faɗo daren Asabar. Ya riƙo abin shimfiɗa, bencin katako ne kuma awa shida ba wasa ba. Kada ya zauna kusa da ƙofa, hayaƙin injin maƙwabta nan yake shigowa. Layi na uku daga gaba, gefen dama, nan Baba ke zama.