Wata huɗu da Omada OC200 a masaukinmu: abin da ta gyara da abin da ba aikinta ba ne

Masaukin baƙi muke da shi a Zariya, ɗaki 14, bene hawa ɗaya. Intanet ɗinmu na fitowa ne daga wasu na'urori uku na TP-Link, samfurin EAP225, da aka manna a silin. Yaran gida faranti suke ce musu, kuma sunan ya bi su. Shekara da shekaru, abin da ke juya farantan nan wata tsohuwar kwamfuta ce a ƙarƙashin teburin karɓar baƙi, mai Windows 7. A cikinta manhajar Omada take, ita ke fitar da tikitin da muke ba baƙo ya shiga Wi-Fi.

Matsalar ba ta wuce wannan ba: kwamfutar ta tsufa, kuma tana barci. In aka ɗauke wuta ta mutu, ko an tayar da janareta sai an tuna an danna mata maɓalli. Farantan suna ci gaba da aiki, wanda ya riga ya shiga yana ta kallonsa, amma sabon baƙo ya sa lambar tikiti shafin ya ƙi buɗewa. Ƙarfe ɗayan dare an sha buga mini waya kan haka. Ga ƙurar hunturu ta cika mata fanka, tana gurnani kamar injin markaɗe. Microsoft ma tun watan Janairun 2020 ya daina kula da Windows 7, mu muna nan da ita.

Ɗan yayata, wanda harkar tasa ce, shi ya kawo shawarar OC200, wata ƙaramar na'urar TP-Link da ke juya farantan a madadin kwamfutar. Na tambaye shi ko intanet zai ƙara gudu. Ya ce, "Kawu, ko kaɗan. Wannan mai gadi ce, ba famfo ba ce." Na ji haushin amsar a lokacin, don a raina kuɗin gudu zan kashe. Gaskiya ya faɗa. Intanet ba ya bi ta cikinta, shi ya sa ƙofofin wayarta biyu masu 100 Mbps ba su rage komai ba. Wanda ke fama da jan ƙafa, ya duba layin da yake saye ko farantansa, kada ya ɗora wa wannan akwati buri.

Akwatin ƙarfe ne da bai fi tafin hannu ba, babu fanka, babu ƙara. Ba ya zuwa da caja, a san da wannan kafin a baro kanti. Ko dai ya sha wuta ta wayar intanet ɗin kanta daga suwic (na'urar da ake soka wayoyin intanet a ciki) mai PoE, ko a nemo masa cajar waya mai ƙaramin bakin USB. Namu suwic ɗin dama shi ke ba farantan wuta, sai muka soka kawai. Muka mayar da suwic ɗin kan layin inbata, abin da ya kamata mu yi tun tuni. Wannan ya zama dole, domin in OC200 ta mutu tana ɗaukar 'yan mintoci kafin ta dawo hayyacinta.

Ƙaurar ce ta ci mana yini, kuma laifinmu ne. Shekaru ba mu taɓa sabunta komai ba, manhajar kwamfutar tsohon zubi ce, ta cikin farantan ma haka. Sai da aka sabunta kowane faranti ɗaya bayan ɗaya kafin sabuwar ta karɓe su. Na ɗakin sama kuwa an manta kalmar sirrinsa, sai da aka kafa tsani aka tsikari ramin mayar da shi sabo da allura. Daga ƙarshe muka haƙura da kwaso tsohon tsari, muka gina sabo: layi ɗaya na ma'aikata, ɗaya na baƙi wanda ba ya ganin kwamfutar lissafi. Yaron ya raba farantan a tashoshi 1, 6 da 11 na zangon 2.4 GHz, ashe da can biyu suna kan tasha guda suna ta danne juna. Ɗan saurin da baƙi suka ce sun gani, daga nan ya zo.

Abin da ya fi burge ni shi ne manhajar waya. Ina Kaduna wajen biki na ga farantin ƙasa ya ɗauke, na kira gida, ashe mai shara ce ta fizge waya. Babu kuɗin wata a kan wannan. Akwai kuma ramin USB da na bar filas a ciki, tana ajiye kwafin tsarinmu da kanta.

Kamfanin ya ce tana iya riƙe faranti har 100. Mu uku gare mu, na huɗu zai tafi farfajiya bayan damina. Amma kayan Omada kaɗai take juyawa. Mai farantan UniFi, na wani kamfani daban, ya nemi tasu na'urar, Cloud Key, wadda samfurinta na biyu har da batir a ciki don ta kashe kanta lafiya in wuta ta yanke. Mai shago da faranti ɗaya, ba ya raba tikiti, ban ga dalilin da zai saya ba.

Tsohuwar kwamfutar tana sito. Mai karɓar baƙi ya ce yanzu ya samu wurin miƙe ƙafa.