Ƙamus ɗin da na saya ba shi da "emergency"

Wata uku ke nan da sayen wannan ƙamus, babban nan na Turanci zalla mai kauri kamar bulo, wanda ake jibgewa a rumfunan masu littattafai duk lokacin da aka koma makaranta. Kun san shi, kun kuma san inda kuɗinsa ya kai yanzu. Ni ɗaliba ce a makarantar koyon aikin ungozoma, kuma na saye shi ne saboda wuta a ɗakin kwananmu sai ta ga dama take zuwa, waya kuwa kullum a mace. Yayana ya turo kuɗin, na je da kaina. Mai rumfar ya miƙo mini shi a naɗe cikin leda yana rantsuwa cewa na asali ne, na biya ban ko buɗe ba. Wannan kam laifina ne.

Rigimar ta fara ne daren wata jarrabawa. A takardun darasin da malamarmu ta raba akwai kalmar "edema" kusan a kowane shafi. Na san kumburi ake nufi, irin wanda ke tara ruwa a ƙafar mai juna biyu har in ka danna da yatsa wurin ya lotsa, amma ina son in ga yadda za a faɗe shi da Turanci don in rubuta. Na haska fitila na buɗe harafin E. Ga "eclampsia" nan, jijjigar da ke kama mai ciki idan jininta ya hau. Ga "eclipse", wato husufi. Ga "ectopic", abin da ya zauna inda ba muhallinsa ba, kamar cikin da ya tsaya a bututun ƙwai bai ƙarasa mahaifa ba. Na gangara har "edge", na koma sama, na sake gangarowa. Babu "edema". Na nemi "esophagus", maƙoshin da abinci ke bi, babu. "Estrogen", sinadarin jikin mace da ke da hannu a al'ada da ɗaukar ciki, ita ma haka. Kalma uku a dare ɗaya, kuma duk na aikina.

Da muka fito daga jarrabawa ko abinci ban tsaya ci ba, na hau Keke Napep na nufi kasuwa a cike fam. Na dire masa littafin a kan tebur.

"Baba, ka sayar mini da ƙamus mai giɓi."

Dattijo ne, da tabarau a ɗaure da zare. Bai ce komai ba sai da na gama. Ya ce, "Rubuta mini kalmar, 'yata." Na rubuta. Ya duba, ya lashi yatsa, ya wuce E gaba ɗaya ya yi ta juya shafi har O, sannan ya juyo mini da littafin. Ga ta nan: "oedema". Ƙasa da ita kaɗan "oesophagus" da "oestrogen". Ya ce littafin bugun Ingila ne, su Turawan Ingila sun riƙe O ɗin da kalmomin suka taho da shi daga asali, Amurkawa ne suka yar da shi, kuma ya sha ganin 'yan makarantarmu suna zuwa da wannan ƙorafin. Ya ma koma E ya nuna mini wani ɗan layi da tawadarsa ta kusa ɓacewa, wanda ke tura mutum zuwa O. Na ji kamar ƙasa ta tsage in shige. Na ba shi haƙuri sau nawa ban ƙirga ba, har na ƙara da sayen biro biyu da ba na bukata.

Daga ranar na riƙa yabon ƙamus ɗin ga duk wanda ya tambaye ni, kuma har yanzu akwai abin yabo. Yana kawo asalin kalma, abin da manhajar wayata ba ta damu da shi ba. A nan na ga "elixir" daga Larabci take, al-iksir. "Ephemeral", abu mai saurin gushewa, daga Girkanci, asalinta abin da bai wuce wuni ɗaya ba. Wadda ta fi ba ni dariya "egregious": yau tana nufin mummunan abu da ya wuce misali, amma can baya yabo ce, wanda ya yi fice a cikin garke. "Enervate" kuma da na daɗe ina zaton ƙara kuzari ne saboda ta yi kama da "energy", ashe kashe jiki take nufi, akasin abin da na ɗauka. Akwai wata doguwa, "eleemosynary", abin da ya shafi sadaka. Ban taɓa jin ta a bakin kowa ba, har yau ba na iya furta ta ba tare da na yi tuntuɓe ba, amma ta zauna mini a kai. Ya kuma raba mini "elicit", zaƙulo magana daga bakin mutum kamar yadda muke yi wa majinyaciya mai kunya, da 'yar uwarta a sauti "illicit", abin da doka ta hana.

Ashe tsugune ba ta ƙare ba. Bayan kamar mako uku muka shiga darasin halittar ɗan tayi, na je neman "embryo". Shafin hagu ya ƙare da "embargo", takunkumin kasuwanci. Na dubi na dama sai na ga kalmomin D. Na ɗauka idona ne. Na bi lambobin shafi ɗaya bayan ɗaya: shafi 16 cur babu su, an maimaita wasu 16 daga baya an liƙa a gurbinsu, sai a wajen "energy" littafin ya dawo hayyacinsa. Daga baya wata ƙawata da mahaifinta ke aikin ɗab'i ta ce mini ai babbar takarda ɗaya ake bugawa a ninke ta ta ba da shafi 16, to mai haɗawa ne ya ɗauko ninki ɗaya sau biyu. Ita tana ba ni labarin kamar abin sha'awa, ni kuwa raina na tafasa.

Ku duba abin da ya faɗa cikin ramin nan. "Embolism", toshewar jijiyar jini da wani gudan abu da jini ya kwaso. "Emetic", maganin da ke sa amai. "Endometrium", shimfiɗar cikin mahaifa da ke zuba duk wata. "Enema", ruwan magani da ake ɗura wa mutum ta dubura. "Endemic", cutar da ta zama 'yar gida a wuri kamar zazzaɓin cizon sauro a wajenmu, wadda malamai ke son tambayar bambancinta da "epidemic", annobar da ke ɓarkewa lokaci guda. Ita "epidemic" ɗin tana nan, abokiyar gwamin tata ce babu. Har "emir" sun sace, Sarki guda. Sannan "emergency", wato larurar gaggawa. Ƙamus a hannun mai koyon karɓar haihuwa, a ce babu "emergency" a cikinsa! Da a Q ko X abin ya faru da wataƙila in gama makaranta ban lura ba, amma E fa, harafin da ya fi kowane yawan fitowa a rubutun Turanci, kuma rabin kalmomin darasinmu kamar da gangan da shi suke farawa.

Na koma wurin Baba, wannan karon a ladabce saboda kunyar farko ba ta sake ni ba. Ya duba, ya yarda giɓi ne. Sai ya buɗe bangon farko ya ga sunana da na rubuta da jan biro, ya ce ai littafin da aka yi wa rubutu dila ba ya karɓa. Na ce, "Baba, kai ka ce na asali ne." Ya ce shi ma haka aka ce masa. Takardar sirara ce har rubutun baya na leƙowa, manyan shafuka sun fara ɓallewa daga gam, duk alamun ɗan jabu suna nan, ni ce yabon asalin kalmomi ya rufe wa ido. Abin da ya fi ƙona mini rai shi ne na riga na tura 'yan ajinmu biyu sun saya a wurinsa. Nasu lafiya lau, nawa ne kaɗai ya fito da nakasa.

Tun da fushin ya dawo sai na fara ganin sauran laifuffukansa. Ma'anar aikinmu ba ta dame shi ba. "Engagement" a wurinsa baiko ne ko alkawarin haɗuwa, alhali mu idan muka faɗe ta kan jariri ne ya sauko ya shiga ƙugu. "Efface" ya ce shafe abu, bai ce komai ba kan yadda bakin mahaifa ke sirancewa lokacin naƙuda. "Elderly" ya tsaya a kan tsoho, mu kuwa a tsofaffin littattafanmu mace mai shekara 35 da ke ɗauke da cikin fari ma haka ake kiranta. "Episiotomy" ya kawo ta da layi ɗaya, yankan da ake yi wa mace lokacin haihuwa don hanya ta buɗe, wanda kowace mace a unguwarmu ta sani da sunan ƙari. Na san ba ƙamus ɗin likitanci ba ne, to amma da kuɗin da na zuba da na haɗa na sayi ƙaramin na ma'aikatan jinya.

Yanzu dai na ari na ƙawata na kai shagon hoton takarda an ɗauko mini shafuka 16 ɗin, na ninke na cusa a tsakanin "embargo" da "energy". Sun fi littafin tsawo, suna leƙowa ta sama, gefensu har ya fara yagewa a cikin jaka. Tauraro biyu na ba shi cikin biyar. Wanda zai saya ya yage ledar nan a gaban mai rumfa, ya bi lambobin shafi tun daga A, kuma kada ya rubuta sunansa sai ya gama.