Pl@ntNet: manhajar da ta faɗa mini sunan furen bakin rafi

Aikina renon dashe ne a bakin kogi nan Yamai, kuma a cikin manhajojin da ke wayata babu wadda take yi mini amfani kamar Pl@ntNet. Kyauta ce. Wasu cibiyoyin bincike na Faransa ne suka haɗa ta, cikinsu har da Cirad da IRD, ta fito a waya a 2013. Za ka ɗauki hoton tsiro, ka nuna mata ko ganye ne, ko fure, ko ɗa, ko ɓawo, sai ta jero maka sunaye, kowanne da makinsa da hotunan da za ka gwada da naka. Zogale da dogon yaro da magarya duk ta gane su nan take, amma waɗannan ko yaron da ke yi mini ban ruwa ya san su.

Inda na ga ƙwazonta shi ne a kan tsiron da ban taɓa gani ba. Ɗan ƙanwata da ke karatu a Kolorado ta Amurka ya turo mini hoto ta WhatsApp: wani fure rawaya a bakin rafi cikin duwatsu, ya fi shi tsawo. Ya ce, "Kawu, kai ne malamin tsirrai, mene ne wannan?" Da na sa hoton furen kaɗai, sai ta kawo sunaye da dama masu makin kusa da juna, domin dangin furen rana suna da yawa kuma rawayarsu ɗaya. Na ce ya koma ya ɗauko mini ganyen ƙasa da tsakiyar furen daga kusa. Da na haɗa hotunan, suna ɗaya ya haye sama: Rudbeckia laciniata.

Abin da ya burge ni, hotunan da ta jera sun koya wa idona inda zai duba. Tsakiyar furen kore-kore ce, ta taso kamar ɗan tulluwa, tana ƙara tsawo in furen ya manyanta. Ganyayyakin furen masu rawaya ba sa miƙewa, sunkuyawa suke yi ƙasa. Ganyen ƙasa kuwa a tsattsage yake, rabe-rabe masu zurfi, kuma karan sumul ne. Ɗan'uwansa Rudbeckia hirta gajere ne, tsakiyarsa baƙa, jikinsa duk gashi. Shi laciniata kuwa yana kaiwa mita 3 in ya samu laima, yana fure daga Yuli zuwa Satumba. Linnaeus, masanin tsirrai ɗan ƙasar Suwidin, shi ne ya raɗa masa suna a 1753, don girmama iyalin Rudbeck, malaman tsirrai na Suwidin.

Yaron ya so ya turo mini irinsa in gwada. Na hana. Tsiro ne na bakin ruwa mai sanyi, zafin Afrilu na Yamai ba zai bar shi ba. Kuma inda ya samu wuri yaɗuwa yake yi ta saiwa, har Japan ta sa shi cikin jerin baƙin tsirran da aka hana shukawa.

Na karanta cewa mutanen Cherokee, wata ƙabila ta 'yan asalin Amurka, suna dafa ɗanyen ganyensa a farkon bazara, kamar yadda muke yi da rama. Duk da haka ina jan kunnen duk mai amfani da manhajar: kada ka ci ganye ko ka jiƙa magani don waya ta faɗi suna. Makin da take bayarwa kimantawa ce, kuma hoto mai duhu ko na nesa yana rage shi sosai. Masu lambu da ɗaliban aikin gona na Jami'ar Abdou Moumouni su ne na fi so su sauke ta, su riƙa tura hotunan kalgo da sabara da aduwa, domin da hotunan mutane take ƙara sanin tsirrai, kuma namu na Sahel suna buƙatar masu ɗaukar su.