AirTag ko na'urar GPS mai layi: wanne ya dace da dattijo mai cutar mantuwa?

Da zarar likita ya tabbatar cewa abin da ake kira gigin tsufa cutar mantuwa ce, abu na farko da ya kamata iyali su shirya masa shi ne ɓata. Ƙungiyar Alzheimer ta Amurka ta ce mutum 6 cikin 10 masu cutar sukan fita su kasa komowa ko da sau ɗaya ne. An fi ganin haka daga la'asar zuwa magariba, ko da asuba, Baba ya nufi masallaci ya zarce yana neman gidan da ya bari shekaru da dama. Shi ya sa 'ya'ya ke sayen AirTag na kamfanin Apple, wata 'yar na'ura da ake maƙala wa abu don a riƙa ganin inda yake a waya.

AirTag ya fito a 2021, kuma yana da abin yabo. Ɗan ƙarami ne kamar kwabo, ba a cajinsa, batirinsa CR2032 yakan kai kusan shekara, ruwan alwala ko yayyafi ba sa lalata shi. Ba ya cin data. Daga iOS 17 (manhajar da iPhone ke aiki da ita) ana iya raba shi da mutum 5, kowa ya riƙa dubawa a wayarsa.

Matsalar ita ce babu GPS a cikinsa, wato tsarin gano wuri ta tauraron ɗan adam. Bluetooth yake amfani da shi, sai wata iPhone ta gifta kusa sannan ta aika inda yake. A Maitama ta Abuja ko Nasarawa GRA ta Kano wannan zai yi aiki. A unguwa ko ƙauyen da kowa ke riƙe da Tecno, Infinix da itel kuwa, taswira za ta tsaya cik a inda aka gan shi awa uku da suka wuce, alhali tsoho ya yi nisa. Ga shi kuma idan AirTag ya yi awa 8 zuwa 24 ba ya kusa da wayar mai shi sai ya fara ƙara, don an yi shi ne da kariya daga masu bibiyar mutane a ɓoye. Mai mantuwa ya ji abu na tsuwa a aljihunsa, jefar da shi zai yi. Apple ma da kansa ya ce don kaya aka yi shi, ba don mutane ba.

Na'urar GPS mai layin waya ta fi shi a nan. Tana nuna wuri kai tsaye muddin akwai sabis, kuma ana iya zana mata iyaka, misali mita 200 daga gida, yana ƙetarewa saƙo ya shigo. Rauninta caji. Yawancin ƙananan ba sa wuce kwana 1 zuwa 3, ga halin wuta. A ɗora wa mutum ɗaya tak alhakin cajin a lokaci sananne, kamar bayan isha, domin aikin kowa da kowa shi ne ba a yi. A yi wa layin rajista da NIN na mai kula, a sa data ta wata-wata, kuma kafin a biya a gwada a shago ko tana kama layin da ke da ƙarfi a unguwarku.

Inda za a maƙala ta ya fi irinta muhimmanci. Kada a sa a takalmi, a ƙofar masallaci ake barinsa, a kan yi musaya. Riga kuma ana canzawa. Abin da ba ya rabuwa da shi ake nema: baduku ya ɗinke ta cikin fata kamar laya, a bar kafar caji, ko a ɗaura a sandarsa. Wadda ake ɗaurawa kamar agogo kuwa, masu mantuwa sukan cire ta. Batirin AirTag kuwa a nesanta shi da jikoki da shi kansa mara lafiyar, haɗiye shi na ƙona maƙogwaro cikin 'yan awoyi.

A nemi yardarsa tun yana gane magana: "Baba, wannan don hankalinmu ya kwanta ne." Wanda ya saba da ita da wuri ba ya yawan cirewa daga baya.

Mai layi ita ce zaɓi, AirTag sai dai ƙari. Kowanne aka saya, tela ya ɗinka sunansa da lambar waya 2 a cikin wuyan kowace riga, a kuma sanar da liman, mai unguwa da mai shayin bakin layi. Ga tsofaffi mata wannan ya fi zama dole, don tsohuwar da ta ɓata tana sambatu a baƙuwar unguwa ana iya yi mata ƙazafin maita kafin a tambayi daga ina take.