Kafin ka kafa tankin ruwan gishiri: wane murjani, wace ƙumba, wane kifi?

Yawancin masu sha'awar tankin teku da kifi suke fara zaɓe. Mutum ya ga wani mai ruwan lemo da farin ratsi, sai ya ce shi yake so, sauran kaya a nemo daga baya. An juya tsarin ke nan. A tankin ruwan gishiri murjani ke yanke hukunci: irin da ka zaɓa shi zai faɗa maka ƙarfin fitilar da za ka saya, yawan famfon kaɗa ruwa, girman tanki, har da kifin da ba shi da wurin zama a ciki.

Murjani dabba ne, ko da yake kallo ɗaya za ka ce tsiro ne. A cikin namansa akwai ƙwayoyin gansakuka da ido ba ya gani, su ke sarrafa haske su ciyar da shi. Saboda haka fitila a wurinsa abinci ce. 'Yan kasuwar wannan harka sun kasa shi gida uku.

Na farko shi ne mai laushi, wanda ba ya gina ƙashin dutse: Sarcophyton, Discosoma, Zoanthus, Xenia. Waɗannan suna da haƙuri. Haske matsakaici ya ishe su, kuma ruwa ya ɗan yi datti ba su mutuwa. Xenia ma yaɗuwa take yi har ta rufe duwatsu, sai ka koma kana cire ta. Amma a kula da Zoanthus da ɗan'uwansa Palythoa, domin wasunsu na ɗauke da mugun dafi. A sa safar hannu da tabarau kafin a taɓa su, kuma kada a kuskura a tafasa dutsen da suke kai, tururin kaɗai ya isa ya kwantar da mutanen gida a asibiti.

Na biyu mai ƙashin dutse da nama mai kauri, irin su Euphyllia da Duncanopsammia. Suna son haske matsakaici da ruwa mai kaɗawa a hankali. Famfo mai ƙarfi yana yaga naman a kan ƙashin. Haska tocila cikin tanki da tsakar dare, za ka ga Euphyllia ta miƙo dogayen zaruruwa tana lalube, duk murjanin da ta taɓa sai ta ƙone shi. Don haka a ba ta fili.

Na uku su ne masu rassa, Acropora da Montipora, waɗanda hotunansu ke jan mutane cikin wannan harka. Suna bukatar haske mai ƙarfi, ruwa mai gudu ta kowane gefe, da sinadarai da ba sa hawa da sauka: kalsiyam tsakanin 400 da 450 a ma'aunin ppm, maganiziyam wajen 1,300, alkaliniti kuma, wato ƙarfin ruwa na hana tsami, tsakanin 7 da 9 a ma'aunin dKH. Acropora na iya zubar da namanta ta koma farin ƙashi cikin kwana ɗaya ko biyu. A ganina, wanda bai shekara da tanki ba kada ya kusance ta. Ya fara da mai laushi, ya ƙara na biyu bayan wata shida.

Sai girman tanki. Ƙarami mai lita 40 ko 60 ya fi arha, shi ya sa yake yaudarar sabon shiga. Ruwa kaɗan yana saurin zafi, yana saurin lalacewa. Ga kuma ƙafewa: ruwa ne ke tashi ya bar gishirin, don haka kullum gishiri ƙaruwa yake yi, musamman da hunturu in iska ta bushe. Tankin lita 200 zuwa 300 ya fi tsada a ranar saye, amma yana ba ka lokacin gyara kuskure. Gishirin da ake so wajen giram 35 ne a kowace lita, wato 1.025 ko 1.026 a ma'aunin gishirin ruwa. Sayi ma'aunin da ake ɗiga ruwa a leƙa ta ido. Na roba mai allura yana ƙarya in kumfa ta manne masa. Gishirin miya ba ya yi, sai wanda aka haɗa don tankin teku. Ruwan famfo da na rijiya ma ba sa yi sai sun bi ta matatar RO, na'urar da ke tace duk abin da ya narke cikin ruwa, in ba haka ba gansakuka za ta mamaye komai.

Ga mai zama a Kano, Sakkwato ko Yamai, babbar magana ita ce zafi da wuta. Murjani yana son digiri 24 zuwa 26. In ruwa ya daɗe a 30, sai ya kori gansakukar da ke ciyar da shi, ya yi fari fat. Mu kuwa a Afrilu zafi kan wuce 40. Fanka da ke hura saman ruwa tana rage digiri kaɗan, tana ƙara ƙafewa. Na'urar sanyaya ruwa ta fi tabbas, amma tana cin wuta kuma tana zuba zafinta cikin ɗaki. In ɗakin dama yana da na'urar sanyi dare da rana, an huta. Wuta kuwa, fitila za ta iya kwana biyu a kashe ba a yi asara ba, amma famfo in ya tsaya na wasu awoyi iskar ruwa ta ƙare, kifi ya fara haki. Wanda ba shi da inbata ko sola da za ta riƙe famfo har safe, ya fara sayen wannan tukuna. Wajen fitila ba sai an ja magana ba: LED ta fi dacewa da mu, tsohuwar fitilar halaid dafa ruwa take yi.

Ƙumbar teku, wato Tridacna, halitta ce mai ɓawo biyu da nama mai sheƙi, ita ma da haske take rayuwa. Derasa ta fi sauƙi, tana zama a kan yashi, amma tana iya kai santimita 60. Squamosa ma ba ta da rigima. Maxima da crocea sun fi kyau, shuɗi da kore kamar an yi musu surfani, sai dai su ne masu son haske mafi ƙarfi, kuma a kan dutse suke mannewa. Gigas a manta da ita, tana wuce mita ɗaya da kilo 200. Wajen saye, gifta hannunka tsakanin fitila da ita: mai lafiya za ta zabura ta ja namanta nan take. Wadda ta wangale baki ba motsi, bar ta. Juya ta ka duba ƙasanta, akwai wasu fararen dodon koɗi masu girman ƙwayar shinkafa da ke tsotse ta. 'Yan ƙanana ƙasa da santimita 5 sun fi arha, sun kuma fi mutuwa.

Yanzu kifi. Mai ruwan lemon nan, Amphiprion ocellaris, ya cancanci farin jininsa: ana kiwonsa a gona, yana cin abincin gwangwani, ba ya taɓa murjani. Kifin Banggai na Indonesiya shi ma haka, amma a nemi na gona, domin kamu ya yi wa na teku illa. Shuɗin Paracanthurus yana bukatar dogon tanki, kuma yana saurin kamuwa da cutar farin ɗigo. Mandarin kyakkyawa ne, amma ƙananan ƙwarin dutse masu rai yake ci, a sabon tanki yunwa ke kashe shi. Yawancin kifayen malam buɗe littafi da na dangin Pomacanthus suna gatsar murjani da naman ƙumba.

Tsakanin na gona da na teku, ɗauki na gona ko da ya fi kuɗi. A wasu sassan Filifin da Indonesiya an daɗe ana kama kifi da gubar sayanaid, ya iso shago da kyan gani, bayan 'yan makonni ya mutu. Duk murjani mai ƙashi da duk Tridacna suna ƙarƙashin yarjejeniyar CITES ta ƙasashen duniya kan cinikin halittun da ke fuskantar barazanar ƙarewa, ba sa tsallaka iyaka sai da takarda. Indonesiya ma ta taɓa dakatar da fitar da murjani a 2018 sai 2020 ta buɗe. Wanda ya je Port Sudan ko Jidda ya ga murjanin Bahar Maliya, kada ya ɓantaro ya sa a jaka.

Sabon tanki yana bukatar mako huɗu zuwa shida da dutse da ruwa kawai, har ƙwayoyin da ke narkar da ammoniya, gubar da ke fitowa daga kashin kifi, su kafu. Ka tanadi wani ɗan tanki na killace sabon kifi na wata guda, domin maganin farin ɗigo yana da tagulla, ita kuwa kashe murjani da ƙumba take yi. A shago kuma, ka ce mai kaya ya zuba abinci a gabanka. Kifin da bai ci ba, ko nawa aka rage maka, ka bar masa abinsa.