Littafin ajiye kalmomin sirri: zai yi wa dattawanmu aiki, amma sai an gyara masa zama

Ɗan littafi ne mai girman rabin farar takardar A4, wani ma bai kai haka ba. Bangonsa mai kauri ne, da roba mai ɗaure shi, a gefen shafukan kuma an jera haruffa daga A zuwa Z kamar tsohon littafin lambobin waya. Kowane shafi an raba shi gida uku ko huɗu, kowane gida da layin sunan shafin intanet, sunan shiga, kalmar sirri, da ɗan wurin ƙarin bayani. Masu sayar da kaya ta intanet ne suka fi tallata shi, kuma 'ya'yan da iyayensu suka manyanta su ne kasuwarsa.

Buƙatar gaskiya ce. Dattijo ɗan fansho a Tudun Wada ko Unguwar Sarki a Kaduna yana riƙe da lambar katin ATM, da ta tura kuɗi, da ta buɗe waya, ga kuma Gmail ɗin da yaron shago ya buɗe masa ranar da ya sayi wayar, wanda shi kansa bai taɓa sanin kalmar sirrinsa ba. Ranar da jinya ta kwantar da shi, ko rai ya yi halinsa, sai iyali su yi cirko-cirko a kan waya ɗaya. Ga irin wannan mutum takarda ta fi duk wata manhaja. Ba ta buƙatar caji ko data, ɗan damfarar da ke wata ƙasa kuma ba shi da hannun da zai buɗe adakar Hajiya. Haɗarinta na cikin gida ne: yaro mai dogon hannu, mai aiki, baƙon da aka bari a ɗaki.

Shi ya sa aibin farko yana jikin bangon. Da yawa daga cikinsu an rubuta musu da manyan haruffan Turanci cewa littafin kalmomin sirri ne, wani har da hoton kwaɗo. Wannan kamar rubuta "kuɗi" ne a jikin buhu. A nemi marar rubutu, in kuwa an riga an saya, a lulluɓe bangon da takarda kamar yadda ake yi wa littafin 'yan makaranta.

Aibi na biyu ya fi girma. An tsara gidajen ne don rayuwar Amurka da Turai, inda komai ke rataye da imel. A nan komai da layin waya yake rataye. Ta layin ake turo lambar tantancewa ta banki, da shi aka haɗa BVN da NIN, da shi ake dawo da WhatsApp, da shi ake sauya kalmar sirrin Gmail idan an manta. Amma littafin ba shi da gidan layi ko ɗaya. Dole mai cike shi ya ware shafukan farko ya rubuta da hannu: lambar kowane layi da sunan wanda aka yi rajistarsa da shi, lambar kulle layin in an saka, da PUK, wato lambobi 8 ɗin nan da ke jikin katin robar da aka ɓalle layin daga ciki. Idan aka yi kuskuren lambar kulle sau 3, layin zai nemi PUK. Idan aka yi kuskuren PUK sau 10, layin ya mutu, sai welkam bak, wato a karɓo sabon kati da tsohuwar lambar, shi kuma galibi sai mai layin ya je da kansa an tantance shi da NIN ɗinsa. Wanda ke kwance a asibiti fa? Katin robar nan da ake jefarwa a ƙofar shago, shi ne ya fi cancantar shiga aljihun da ke bangon baya na littafin. Aljihun nan dai abin yabo ne, har na fi ganin amfaninsa a kan jeren haruffan.

A shafin dai za a sa NIN da BVN, kowanne lambobi 11. In dattijon bai riƙe su ba, *346# na fito da NIN, *565*0# na fito da BVN, daga layin da aka yi rajistar da shi, ana kuma cire ɗan kuɗi kaɗan. Sai lambar fansho da ke farawa da PEN tare da sunan kamfanin da ke kula da ita. Sai a rubuta gargaɗi da jan biro: kada a bar layin nan ya kwanta. Layin da ya yi watanni ba kira ba saka kati, kamfani na iya rufe shi ya sayar wa wani, daga nan saƙonnin bankin marigayi su riƙa shiga wayar baƙo. WhatsApp ma yakan goge asusun da ya kwana kusan 120 bai hau intanet ba.

Makullin wayar ita kanta ma ba shi da gida a littafin. Dattawa da yawa da yatsa suke buɗewa har sun manta lambar da ke ƙarƙashi, alhali da zarar wayar ta mutu aka kunna, lambar take nema, ba yatsa ba. Wanda ke buɗe wayar da zanen yatsa, a zana masa ɗigo tara, uku-uku, a sa musu lamba daga 1 zuwa 9, a rubuta hanyar da yatsa ke bi, misali 1, 4, 7, 8, 9. Kada a ce ai in ta ƙi sai a kai ta filashin. Filashin yana share hotuna da komai, sannan wayar Android ta dawo tana tambayar Gmail ɗin da ke kanta tun farko.

Layukan rubutun ƙanana ne, idon ɗan shekara saba'in ba zai ji daɗinsu ba. A bar kowane asusu ya cinye gida biyu. Jeren A zuwa Z kuma bai taimaki wanda ajami ya fi sani ba, ko wanda ya ƙware a boko ma zai tsaya tunanin ko a ƙarƙashin B na banki zai duba ko a harafin sunan bankin. Raba shi gida-gida ya fi: waya, bankuna, fansho, zumunta. Wajen rubutawa ne kuma aka fi tafka kuskure. Sifili da harafin O kama suke a rubutun hannu, haka 1 da ƙaramin l da babban I, haka 5 da S. A ja layi a tsakiyar sifili, a ja layi ƙarƙashin kowane babban harafi, a sa ranar da aka rubuta a gefe. Bayan an gama, wani daban ya ɗauki littafin ya gwada shiga kowane asusu da abin da ya karanta kawai, a gaban mai shi. Abin da bai buɗe ba yau, ba zai buɗe ranar makoki ba.

Takardar da ke ciki tana da ɗan kauri, amma biro mai ruwa-ruwa yana huda ta, kuma daminar Kaduna, daga Mayu har Oktoba, tana sa tawadarsa ta baje. Biro na gargajiya mai maiƙo ya fi jurewa. Kalmar da ake yawan sauyawa a rubuta ta da fensir. Kada a liƙa rasiɗin POS ko na ATM a matsayin shaidar lambar asusu, rubutunsa yana gogewa da kansa cikin watanni, in aka kai shi injin lamineshin kuma sai ya yi baƙi ƙirin saboda zafi. A sa littafin a leda mai zif, a sa a akwatin ƙarfe mai makulli, a ɗaga shi daga ƙasa da jikin bango saboda gara da danshi. Ƙarƙashin katifa shi ne wurin farko da kowa ke dubawa.

Wasu za su ce me zai hana a buga duka a kwamfuta. Chrome, manhajar shiga intanet, yana iya fitar da duk kalmomin sirrin da aka adana a fayil ɗaya mai suna CSV, kuma fayil ɗin tsirara yake, duk wanda ya buɗe ya karanta. Tura shi ta WhatsApp ga mai shagon buga takardu yana barin kwafi a wayarsa, da kwamfutarsa, da kwandon sharar kwamfutar. In babu firinta a gida, a buɗe jerin a waya a kwafa da hannu. Abin da ya dace a kwafa da kulawa shi ne lambobin gaggawa na Google: guda 10 ne, kowanne lambobi 8, kowanne sau ɗaya yake aiki, suna shigar da mutum ko layin ba ya hannu. Haka lambobi 6 na mataki na biyu a WhatsApp. Wanda ke da kuɗin intanet na kirifto, kalmomi 12 ko 24 na dawo da jakarsa ba su da waje a wannan littafi. Su kuɗin ne da kansu, sai ambulan daban a wuri daban.

Lambar katin ATM da ta tura kuɗi ma, a ganina, su fita daga littafin zuwa ambulan da aka liƙe aka sa hannu a bakin liƙin. Dalili ɗaya tsaro ne. Na biyu kuwa shi ne abin da masu talla ba sa faɗa: da zarar mutum ya cika, abin da ke asusunsa ya zama na magada baki ɗaya. Ɗan da ya ɗauki katin marigayi ya nufi mai POS ya taɓa haƙƙin marayu da matan gida, ko da niyyarsa ta sadakar uku ce, kuma kowane cirewa yana nan a rubuce da rana da sa'a ranar da aka zauna rabon gado. Hanyar ita ce a sanar da banki, a kai takardar shaidar rasuwa ta Hukumar Ƙidaya ta Ƙasa, da takardar kotu da ke nuna wanda aka ba ikon kula da dukiyar. Kamfanonin fansho ma haka suke nema. Aikin littafin a nan shi ne ya nuna wa magada ƙofofin da za su ƙwanƙwasa: wane banki, wace lambar asusu, wane adashe, wa ake bi, wa ke bi. A ware shafi biyu na bashi, tunda sai an biya shi kafin a raba gado. Littafin kuma ba wasiyya ba ne. Wasiyya da shaidunta take tafiya, kuma a Musulunci ba ta wuce sulusi.

Wannan ma ya sauƙaƙa buɗe zancen da dattijo. Ba sai an ce masa "Baba, ba mu lambobinka" ba. A ce, "Baba, mu rubuta maka su wuri ɗaya, makullin yana hannunka, Yaya kaɗai zai san inda yake." Mutum biyu su san wurin, kada su wuce haka. A zaman ne kuma za a saita abin da takarda ba ta iyawa. Google yana da tsarin da mai asusu zai zaɓi wata 3, 6, 12 ko 18, in ya yi shiru tsawon haka a ba mutanen da ya amince da su, har 10, damar sauke bayanansa. Facebook da Apple ma suna barin mutum ya naɗa wakili bayan rasuwa, na Apple har da makullin da ake bugawa a takarda, wanda sai an haɗa shi da shaidar rasuwa.

To a saya? In an samu marar rubutu a bango, mai aljihu, mai manyan layuka, ba laifi. Amma kusan rabin abin da dattijon Kaduna ke buƙata da hannu za a ƙara, saboda haka littafin rubutu mai kwali da za a samu a Kasuwar Sheikh Abubakar Gumi, da rula da jan biro, zai yi aikin a kuɗin da bai kai nasa ba. Ko wanne aka ɗauka, a sake buɗe shi bayan kowace Sallah, da duk ranar da aka sauya waya ko aka karɓi sabon kati, a soke tsohuwar lamba da layi ɗaya a rubuta sabuwa da kwanan wata.